Waiwayen Mama

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya aikin asibiti? Kin san a waya bakina mutuwa yake yi, shi ya sa na rubuto.

Wuyan Mama da kafaɗarta ta dama sun matsa mata. Da can sai ta yini a kan keken ɗinki take cewa wash, yanzu da ciwon take tashi. Ko ɗankwali ni nake ɗaura mata. Na hana ta ɗinki, na kwantar da ita sati uku ina jinya kamar yadda ake yi a littattafaina, amma tawa marar lafiyar sai ƙara sanƙarewa take yi. Jiya ta ce a ba da keken, ita ta gama. Yaya, ni ban san Mama ba keke ba.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Sannu da aiki, likitar littafin soyayya. Maza tashe ta.

Irin wannan ciwon ba rana ɗaya yake zuwa ba. Jiki ne ake ja gefe guda shekara da shekaru har wurin ya gaji ya ɗaure, mutum ya fara tsoron motsi, rashin motsin ya ƙara ɗaure shi. A sashenmu na gashin ƙashi kullum irinsu nake gani.

Kada a ba da keken. Ki sa ta ɗinki na minti goma, ki rufe littafin nan, ki kalli yadda take zama, ki rubuto min komai ƙanƙantarsa.

Ki gaishe ta.
Yayarki

Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Na yi yadda kika ce. Na zauna inda na saba, a tabarma bayanta ta dama. Kin san keken taga yake fuskanta saboda haske. Cikin minti goman nan sau goma sha ɗaya ta waiwayo, ƙafa na taka keke, hannu na riƙe da yadi, wuya a murɗe. Na tambayi abin da take nema, ta ce ba komai, ba ta ma san tana yi ba. Da na nace sai ta yi dariya.

"Ke ce mana. Yayarki da surutu nake sanin tana nan. Ke tun kina rarrafe ba a jin motsinki, sai na duba."

Shekara goma sha shida, Yaya! Na shige ɗaki na yi kuka, rabi kunya ce, rabin ban san sunansa ba. Duk littattafan da na karanta, ba inda aka waiwayi wani haka.

Na ja keken na juya shi. Yanzu haske ta gefe yake zuwar mata, ni kuma ina gabanta. Ta ce na cika mata ido, amma ba ta ce in tashi ba. Allah Ya saka miki da alheri, da ba ki ce in kalla ba da ban gani ba.

Taki,
Auta

Auta,

Amin, ke ma haka. Kada ki ɗora wa kanki, waiwayen ba shi kaɗai ba ne, kuma ciwon zai ɗauki watanni kafin ya sassauta. Ta riƙa miƙewa duk bayan minti ashirin, sauran in na zo zan nuna muku.

Ɗazu ta kira ni. Ba ta yi zancen ba da keke ba, awon rigata ta tambaya.

Yayarki