Hanyar Kan Dutse

Yaya Bassu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Tuda da Inna. Matata Yamna ta sauka lafiya, namiji. Suna ran Alhamis. Tun rasuwar Baba ba ka taka kwarinmu ba, wannan karon kuwa ba ka da uzuri. Ka biyo ta kan dutse, wuni ɗaya ne. An daɗe dusar ƙanƙara ba ta zubo ba, tsohuwar ta daskare, alfadarai ma bi suke yi. Kai za ka yanka ragon.

Ƙaninka, Addi

Addi,

Bayan gaisuwa, Allah ya raya. Saman dusar kaɗai ya daskare. Na hau na haƙa, ƙarƙashin ɓawon ta zama kamar sukari, ba ta dunƙuluwa a hannu. Haka dogon sanyi yake ɓata ta idan sama ta bushe. Yau ana iya bi, amma da sabuwa ta zubo a kai, ba abin da zai riƙe ta a gangaren. Ga kuma gajimare yana haɗuwa. Wataƙila in zagayo a motar kasuwa.

Yayanka, Bassu

Yaya,

Ina gaisuwa. Sukari! To ka ɗebo mana na shayi. Motar kasuwa sai Juma'a take isowa, ƙashin rago za ka tarar. Ka faɗi gaskiya, gwiwa ce ta tsufa ko har yanzu fushin rabon gonar ne? Na san ka, ana tsokanarka za ka ɗauki sanda. Ran Laraba zan hau in tare ka da butar shayi. Idan ba ka zuwa, ka ba mai alfadarin da ya kawo maka wannan wasiƙa amsa.

Naka, Addi

Tuda,

Ina gaishe ki. Na iso Juma'a, ban tarar da suna ba.

Kin tuna mai alfadarin ya tsaya a ƙofa yana jiran amsa, na ce ya tafi, yaron nan Addi ya koyi magana tukuna. Washegari sabuwar dusa ta zubo. Na ɗauka duk mai ido zai zauna gida.

Addi bai ga amsa ba, sai ya ɗauka ina hanya. Ya ce wa Yamna, "Tsohon nan taurin kai gare shi, bari in je in fasa masa hanya kar ya nutse." Ran Laraba ya hau, masu kiwo suka ji ƙara wajen azahar. Gangaren gaba ɗaya ya zaftaro, tun daga sama har rafi.

Mun haƙa inda za mu iya, ba mu same shi ba. Dattawa sun hana a ci gaba, don rabin dusar yana nan rataye a kanmu, kuma gaskiyarsu ne. Sai ta narke.

Kada ki gaya wa Inna, zan faɗa mata da bakina.

Yamna ta miƙo mini jaririn, ta ce, "Yaya, wasiƙarsa ta same ka?" Na ce ta same ni. 

Mijinki, Bassu