Saifar Lamba Arba'in da Ɗaya

Litinin, 8 ga Yuli
Ni da aka ɗauka don in karanta ƙwayoyin gado a kwamfuta, yau ga ni a dajin arewacin Tasmaniya, tsibirin Ostireliya, ina cusa ruɓaɓɓen nama a tarko. Narelle, likitar dabbobinmu, har da dariya: “Ke 'yar birni, toshe hancin me? Ba ki ma gamu da masu gidan ba.”

Laraba, 10 ga Yuli
Na gamu da su. Wanda ya raɗa wa dabbar nan, baƙa mai girman ɗan kare, suna shaiɗan bai zalunce ta ba. Ɗoyi, ihu, yawu. Uku cikin bakwai na da ciwon dajin fuska, wanda suke shafa wa juna da cizo. Na yi amai a bayan mota.

Alhamis, 11 ga Yuli
Tarko ya kama lamba 41. Mace. Ƙarin ciwon dajin ya cinye mata rabin muƙamuƙi, mugunya na bin haƙora. Narelle ta ce ba za ta kai wata ba, ta yi mata allurar mutuwa don ta huta. Sai ta miƙo min almakashi: “Saifa da kaluluwa, maza cikin sanyi kafin su lalace. Hannu, ba ido ba!”
Da na juya ta, jakar cikinta, inda irinsu ke goyon 'ya'ya, ta motsa. 'Ya'ya uku, kowanne riƙe da nono. Sai da muka ɓamɓare su.
Ban ci abinci ba.

Juma'a, 26 ga Yuli
Sakamako ya fito. Saifarta garau, ƙwayoyin garkuwar jiki duk a farke. Ƙarin ne ya rufe nasa ƙwayoyin gadon da ke nuna wa jiki shi baƙo ne. Jikinta na da makaman, bai dai ga ɓarawon ba har ya cinye ta. Wannan ya fi mugunyar tayar min da zuciya.

Talata, 30 ga Yuli
Ɗaya cikin ukun ya mutu a gidan mai renon da muka kai su.

Lahadi, 4 ga Agusta
Cin gasasshen rago a gidan yayata. Mijinta Dermot, da maiƙo a gemu: “Ku bar shaiɗanun nan su ƙare mana, wa zai yi kewar mai cin mushe?”
Wai na buga tebur har miya ta zube. Ban tuna ba.
Da na fito na kira mai renon. Biyun sun ƙara nauyi. Don rahoto kawai na tambaya.