Motocin da Ba Sa Ƙara

Kansas, 6 ga Oktoba

Ɗana Leobardo,

Bayan gaisuwa. Na ji matarka Itzel ta warke, amma tari bai saki kawunka Fermin ba. A ba shi zuma da lemun tsami. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da furfura na koya.

Ni lafiya lau, ina nan ina wanke motocin 'yan sanda. An kawo sababbi, masu haɗa fetur da lantarki. Wata 'yar sanda, Darlene, ta ce, "Mama Eufrosina, wannan kafin ki matse tsummanki ta bar gari!" Kowa gudunsu yake yabo. Ni tafiyarsu a hankali ce ta dame ni, don a harabar wanki ba sa ƙara ko kaɗan.

Ga abin da na ɓoye maka. Shekara biyu ke nan dishi-dishi nake gani, da kunne nake kauce wa tsofaffin motocin. Ran Talata wata sabuwa ta buge ni a gwiwa, ba sosai ba. Dwight, ɗan sandan da ke tuƙin, ya fito da sauri: "Mama, ba ki gan ni ba?" Na ce hankalina ne ya tafi wani wuri. Har yau yana ba ni haƙuri, alhali ba laifinsa ba ne.

Ran 28 ga wata za a kwashe sauran tsofaffin. In na faɗa musu gaskiya a kan idona, aikin ya ƙare. Ka amsa mini kafin ranar, ɗana: in na dawo gida, akwai inda zan kwanta?

Mahaifiyarka,
Eufrosina