Murtsunguwar Baba ta ruɓe

Badafi, daren Laraba, tsakiyar damina

Murtsunguwar da marigayi Baba ya yi wa aure, wato ya haɗa jan kan wata da gindin wata, ta ruɓe daga gindi, ruwa ne ya kwanta a tukunyar. Na yanke jan kan da reza, na barbaɗa masa toka. Haka Baba yake yi ina yarinya, ina tsugune kusa, yana ta janye hannuna daga ƙaya.

Kan ya tsira, amma sai an samo masa sabon gindi. Inna ta ce a bayan tsohon gidanmu na garin Ba'awa Baba ya yanko gindin da ya ruɓe. Na ce gobe zan je.

Tun rasuwarsa ba ta taka garin ba.

Can ta ce, "Mu tafi tare. Ke ba za ki gane wurin ba."