Ni na kwance masa rawani

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku tsine mini.

Ni tsohon tafinta ne a Tanut. Na yi soja, na ga Marsai ta Faransa, na ga Hartum, na sauke farali, ina jin Faransanci da Larabci da Buzanci. Na zaci babu ƙazantar da ban gani ba, ashe tana gaba, kuma da hannuna.

Ina da aboki, Buzu makiyayi a Tarka, bari in kira shi Agali. Yana da farfaɗiya, ya ɓoye ta, don kun san mutanenmu: in aka sani, ba mai shan ruwa a ƙwaryarsa, ba mai neman auren ɗiyansa. Bara wani dokotoro, wato likita, Bature mai binciken ƙwaƙwalwa ya zo neman irin su, ni na lallashe shi, na raka shi makarantar likitoci a wani birni na bakin teku. Na ce masa magani kawai.

Ashe kowane mako malamansu da ɗalibai na taruwa a wani babban ɗaki, a kawo mara lafiya gaba a yi karatu a kansa. Ran nan Agali aka kawo. Dokotoro ya ce sai an cire rawani za a manna wayoyi a kai. Agali ya riƙe hannuna ya ce, “Alhaji, ko surukina bai taɓa ganin bakina ba.” Na ce, “Haba aboki, wa ya san ka a nan?” Ni na kwance masa. Suka yi ta walƙa masa fitila a ido har ciwon ya kayar da shi, kumfa a baki, fitsari a wando, wani yana ɗaukar sinima. Da aka gama suka yi tafi! Suka fita shan kafe suna dariya. Na ga mahauta a ƙasa-ƙasa, wallahi ko su suna kawar da wuƙa daga idon dabba. Ni fa, me na yi? Na tsaya riƙe da rawaninsa ina fassara.

Da ya farfaɗo ya ce, “Wa ya gan ni?” Na ce, “Bayan ka faɗi kowa ya fita, sai ni da dokotoro.”

Maganin ya yi aiki, ban musa ba. Tun damina bai faɗi ba. Duk ran kasuwa sai ya kawo mini cuku yana kirana ɗan uwa, ni kuwa in kasa haɗiyewa.

Yanzu dokotoron ya dawo da sinimar. Zai nuna ta a Belbeji, can yankin su Agali, ran kasuwa mai zuwa, wai don mutane su gane farfaɗiya ba iskoki ba ne, kuma ba a ɗauka a yawu. Na roƙe shi kada ya nuna, ya ce, “Mutum ɗaya zai ji kunya, da yawa su warke.” Wataƙila gaskiyarsa. To amma fuskar wa? Ni aka sa in yi wa jama'a bayani da Hausa, kuma Agali, da bai san shi ne a ciki ba, ya riga ya aiko cewa zai zo da surukinsa, in ajiye musu wuri a gaba.

Jama'a, me zan yi?