Na Sauke Benenka, Baban Rifkatu

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Na san babu gidan wayar da zai kai maka wannan takarda, idonka kuma ba zai taɓa sauka a kanta ba. Duk da haka zan rubuta, don na yi maka laifi, kuma ka san halina, magana ba ta kwana a cikina.

Bari in fara da na daɗi. Rifkatu ta haihu a Gombe, namiji, an sa masa sunanka, Ishaya. Kunnuwanka ya kwaso kaf, Allah sarki yaro. Ni kuma ina nan Dubai, ina kula da tsohuwar nan Balarabiya da muke kira Ummi. Har yanzu ɗaki ɗaya muke a Al Buteen da Hajiya Memuna 'yar Kumasi, bakinta bai ragu ba ko kaɗan. Duk Juma'a in za ni coci a Jebel Ali, bas na bi ta kusa da tashar da ka yi shekara goma sha huɗu kana gyaran injin sanyin kwantena. Da nakan kau da kai. Yanzu ina kallo, wani lokaci har in yi murmushi.

To, ga laifin. Na canza zanen gidanmu na Kaltungo. Na sauke benen.

Ka tuna ranar da ka zana shi a bayan kalanda? Falo a ƙasa, ɗakin kwana a sama, matakala goma sha takwas, can bisa rufi kuma ɗakin tantabarunka. Ka miƙo mini kana washe baki, ka tambaye ni ko ya yi. Na ce ya yi. Ƙarya na yi maka, Baban Rifkatu. Tun ranar ban so shi ba. Na ga farin cikinka ne na haɗiye maganata, na ce a raina akwai lokaci. Ina na san shekara biyu kawai suka rage maka?

Ni fa aikina ne ya buɗe mini ido. Gidan Ummi kamar fada, amma shekara biyar rabonta da ɗakinta na sama. A falo take kwana, bayan labule, kayanta na can bisa sai dai ta aike ni. Wata rana ta ce in je in ɗauko mata hoton tagar ɗakin a waya ta gani. Mace da gidanta! Ni kuma gwiwata ta hagu ta fara yi mini magana da safe. Garin nan ba ya riƙe tsoho, ka fi ni sani. Ranar da biza ta ƙi sabuntuwa, khalas, shi ke nan, sai gida. Gidan da zan koma, shi ne zan tsufa a cikinsa.

Da na faɗa wa Yaya Bulus, kai, wuta ta tashi. Ka san shi ke tsaye a kan ginin tunda ba na nan. Wai ba a taɓa zanen mamaci. Wai mutane za su ce ƙanensa ya ƙare ƙuruciyarsa a Dubai, matarsa ta gina masa ajin firamare. Ya ce ba za a sa diga a filin ba sai na koma kan takardarka, ga damina ta matso. Yayanka ne, kuma kuka na ji a ƙarƙashin faɗan nasa. Sati uku ina jujjuya abin. Har na fara cewa ko in bari a yi benen, in ya so in tsufa ya zo a san yadda za a yi.

Memuna ce ta ce in daina cin raina, mu gwada gidan mu gani. Wata Juma'a da la'asar muka aro tsohon keken guragu na Ummi, muka sauka filin ajiye motoci a bayan gininmu, na zana ƙasan gidanka da alli, ƙafa da ƙafa yadda ka rubuta. Memuna ta haye keken kamar sarauniya, tana ta yalla yalla irin ta Larabawa, wai in yi sauri, ni ina turawa. A ƙofar gida muka tarar da matakala uku. Muka yafe wannan. A lungun kicin keken ya ƙi juyawa. Ƙofar banɗaki kuwa, ƙafa biyu ka ba ta, tayoyin suka tattake bangon allin hagu da dama. Memuna ta ce wai in haka ne sai dai a riƙa watso mata ruwa daga ciki tana ƙofa. Direbobin da ke shan shayi a gefe har da riƙe ciki. Ni ma na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Sai ta sauka, ta ce in hau. Na hau ina jira ta tura. Ta naɗe hannu ta ja gefe, ta ce in tura kaina, don a Kaltungo ba ta nan, Rifkatu na gidan mijinta, kai kuma ka riga mu gidan gaskiya. Haushi ya kama ni, na kusa zaginta. Amma na kama tayoyin na tura. Ban kai ko ɗakin kwana ba, tunda yana sama. A wajen na yanke shawara.

Ban yarda in aika lambobin awo ta waya ba, ka san maginan gida, kowa da irin ƙafarsa. Igiya na samu na ƙulla mata ƙulli. Ƙulli na farko faɗin keken har da gwiwar hannu, shi ne faɗin kowace ƙofa. Na biyu filin da keken ke juyawa. Na uku tsayin da hannuna ke kaiwa ina zaune. Na sa ta a kago, kayan da jirgi ke kaiwa gida, tare da atamfar Rifkatu, na ce a damƙa wa Danladi magini hannu da hannu. Shi ma sai da muka ja a kan dokin ƙofa, wai in babu shi ruwan Agusta zai kwana a falo. Gaskiyarsa ce. Muka tsaya a kan a ɗaga daɓen gidan duka, a yi gangare mai sauƙi, a ja lambatu a gaba.

Bari in zaga da kai. Komai a ƙasa yake. Ɗakin kwana na kallon gabas, banɗaki a jikinsa, da dakalin zama da ƙarfen riƙewa. Kusa da shi ƙaramin ɗaki mai babbar taga inda zan riƙa saƙar hulunan jarirai, don idona ya fara son haske. Baranda na faɗaɗa ta sosai, matan Zumunta na coci su zo da tulunan kiɗansu mu yi koyon waƙa ran Talata, ba sai na taka zuwa coci ba in ƙafa ta ƙi. A bayan gida za a gina kwamin lambu har ƙugu, in shuka yakuwa da rama da alayyafo ba tare da na sunkuya ba. Tantabarunka kuma, wallahi ban taɓa son ƙazantarsu ba, wannan ma yau ka ji. Amma na ba su gefen katanga, nesa da shanyata. Guda huɗu, kada ka yi murna.

Yaya Bulus bai kira ni ba har yau. Sai dai shekaranjiya Danladi ya ce an fara haƙa, kuma yayanka ya zo da sassafe, shi ya riƙe masa bakin igiyar har aka gama awo. Wannan ya ishe ni.

Kana fushi? Ban yi tsammani ba. Ba kuskure ka yi a zanenka ba. Gidan mutum biyu ka zana, wanda in ɗaya ya gaza ɗaya zai tallafe shi ya hau. Da kana nan, da na hau matakala goma sha takwas ɗin nan ina mita, hannuna a kafaɗarka. Yanzu ni kaɗai zan shiga, kuma ina so in iya kai kaina ko'ina a cikinsa har ranar da za a fito da ni. Hankalina a kwance yake, ina ma ɗokin komawa. Ka yafe mini ƙaryar, ka yafe mini benen.

Ka huta lafiya, sai mun sadu.

Ni ce matarka,
Maman Rifkatu