Na Cire wa Hajiya Babba Harshe

Zuwa ga taubashina kuma bawana, Nafi'u ɗan Gwaggo Hajara, a duk inda wannan ta riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da waɗanda kuke haƙar zinare tare can arewa, in dai har yanzu can kake. Kawunka yana gaishe ka, Inna ma haka. Damina ta yi albarka, gero ya shigo gida, dawa na tafe, gyaɗa ce dai ta yi mana rowa.

Ka san wannan gaisuwar ba tawa ba ce, a bakin masu aika saƙo gidan rediyo na kwaso ta. Bokon ma a waya na tsince shi, ni da allo kawai na sani, don haka inda na karkace ka yi dariyarka, da ma aikinka ke nan. Na ajiye takardar a fili inda kowa zai gani saboda lambarka ta daina shiga tun kafin shukar bara. Jama'a masu karantawa, duk wanda ya san wani dogon Nafi'u mai wushirya daga ƙauyukan Minjibir, wanda in yana dariya yake riƙe ƙeya, don Allah ya nuna masa.

Labarin Hajiya Babba zan ba ka, kwamfutarmu. Tana nan yadda ka bar ta, da maɗaukinta irin na akwati da robobinta a kusurwa, da nauyin nan nata kamar dutsen niƙa. Ka tuna ranar da muka karɓo ta a hannun masu haƙa rijiyar burtsatse, ta suɓuce daga amalanke ta faɗi a kan kunyar gona, ni na dafe kai, kai ka ɗauka ka karkaɗe ka kunna, ta tashi kamar ba ita ba? A nan ka raɗa mata suna, ka ce duk abin da ya faɗi irin wannan faɗuwar bai yi kuka ba ya cancanci a ce masa Hajiya.

Har yau da ita nake turi a rumfarmu ta bakin kasuwa. Karatu, wa'azi, waƙa, fim, wanda ya zo da memori in zuba masa. Solar nan ma tana ja. Bencinka ne dai babu kowa a kai, sai buhun gawayin da Ɗanladi maƙwabcin rumfarmu yake ajiyewa.

To, cikinta ya cika. Layin nan da ka ce min shi ne bakin rumbu, in ya yi ja in san hatsi ya kai wuya, ya yi ja ya ƙi sauka. Sabon abu ya fito, samari su zo nema, in ce su dawo gobe, in zauna ina share tsoho. Na share fina-finan faɗa, na share dambe, na share har wasan ƙwallon da kake cewa in na taɓa sai ka aske min gira. Ka zo ka aske. Da na gama share duk abin da zai sharu, sai ya rage babbar jaka ɗaya a ciki, wadda ka rubuta wa suna da kanka: Kayan Nafi'u, Sale Cire Hannunka.

Ka san abin da ke ciki. Bidiyon gayyar gonar Kawunka, inda kake gaba kana ba da waƙa kana kuskuren baiti. Ranar da jaki ya kayar da kai a gaban 'yan matan Bagwai. Sallar da ka sa babbar rigar aro tana jan ƙasa. Da saƙonnin muryar da ka turo daga hanya, har na ƙarshen, wanda iska ta cinye rabinsa. Su ne suka fi komai cin wuri, don kai in ka kama ɗauka ba ka san tsayawa ba.

Samari suka fara wucewa wajen wani yaro da ya buɗe rumfa a tasha da sabuwar kwamfuta siririya kamar faranti. Ɗanladi ya ce in share jakarka mana, ai mai ita ya share mu. Gishiri kawai na zuba masa a shayi.

Ba don ni kaɗai na ƙi ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan saɓi Hajiya Babba in kai ta ɗakin Gwaggo. Ta shimfiɗa mata tabarma kamar baƙuwa, ta sa in kunna mata gayyar nan, ta kalle ka kana ɓata waƙa, ta ce ko a cikin ƙarfe ba ka da murya. In an gama sai ta tambaye ni, ko yaushe tambayar ɗaya ce: Sale, zai dawo? In ce zai dawo, Gwaggo. Sai ta karkata kai ta zuba wa gefen kwamfutar ido.

Ka san abin da take jira ta gani. Bari in yi wa masu karatu bayani, su ba su sani ba. A gefen Hajiya Babba akwai wata 'yar ƙofa, a cikinta akwai tiren da ake sa faifai. In an danna wani wuri sai ya turo kansa waje, tsulum, kamar harshe. Ni da kai muka shelanta wa gari cewa wannan na'ura tana gane maƙaryaci, in mutum ya yi ƙarya a gabanta sai ta yi masa gwalo. Ni ne mai tambaya, in tsare mutum da ido da surutu, kai kana gefe kamar ba ruwanka, yatsanka yana aiki.

Tanko mai nama ya rantse tsirensa na yau ne, Hajiya ta zaro harshe, ya bar tiren tsirensa ya gudu. Ɗanladi ya ce yana da budurwa a Rimin Gado, ta zaro, ya ce to a Bagwai ne, ta sake zarowa. Har labari ya kai kunnen Malaminmu na allo, ya kira mu ya ce ƙarfe ba ya sanin gaibu, mu je mu gaya wa mutane wasa ne tun kafin mu jefa wani a halaka. Muka bi rumfa rumfa muna faɗa. Abin mamaki, bayan nan ma aka fi zuwa. Kowa ya san kai ne kake dannawa, amma kowa yana so a kawo abokinsa a yi masa gwalo.

Wasan na mutum biyu ne, Nafi'u. Na gwada ni kaɗai bayan tafiyarka. In ina tambaya ana kallon hannuna, in ina dannawa bakina ya mutu. Yara suka ce Sale ya tsufa. Na bari.

Shi ya sa a ɗakin Gwaggo nake ɗora hannuwana biyu a kan gwiwa inda za ta gan su. In ce zai dawo, tire ya yi shiru, ta yi ajiyar zuciya ta ce in tafi da ƙosai.

Na fara neman dabara a kusa. Na sayi filashi a hannun wani mai yawo da kaya a faranti, ya ce zai ɗauke garinmu kaf har da awaki. Allah ya sa da fim na gwada shi ba da kayanka ba. Abin da na zuba da safe, da yamma ya zama hotuna masu ƙyalli da ƙara kamar kukan gyare. Na aro rumbun waje mai igiya, shi kuma ramin da ake soka shi ya yi sako-sako, akuya ta gifta ma sai ya yanke.

Ranar nan na rufe rumfa na hau motar birni, Hajiya a cinyata, kwandasta yana cewa sai na biya mata kujera. Na sami wani mai gyara a kasuwar 'yan waya, dattijo mai tabarau. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce rabon da ya ga irinta tun yana da gashi. Ya ce hanya biyu ce. Ko a cire tsohon rumbun nata, had-dis suke ce masa, a sa babba a zuba mata sabon tsari, ta tashi fes kamar ba wanda ya taɓa zama da ita. Zai kwashe kayan ya mayar, amma tsohon ya gaji, bai yi min alkawarin komai zai tsallake ba, kuma sai ta kwana a wajensa. Ko kuma a bar tsohon inda yake kar a taɓa shi, a ƙara mata na biyu. Sai dai wuri ɗaya ne tak a jikinta da na biyun zai shiga, wurin tiren faifai.

Na ce Injiniya, harshen nata ke nan. Ya ce wane harshe? Ya ce yaro, wa yake sa faifai yanzu?

Na fita na tsaya a bakin shagon ina kallon masu wucewa. Kar ka yi min dariya. Gani na yi in an cire shi, ko ka dawo gobe babu abin da za ka danna. In kuma na bar shi, to ko rumfa ta mutu ko muryarka ta tafi, kuma ban san da wace fuska zan shiga ɗakin Gwaggo da kwamfutar da ba ka ciki ba. Ban taɓa yanke shawara ba tare da na fara jin taka na ƙi ta ba. Na juya in tambaye ka, wallahi na juya, mai sayar da rake ne a wurin.

Na koma na ce a cire.

Abin da na ɗauka tiyata ce bai kai shan kofin shayi ba. Ya buɗe 'yar ƙofar, ya ja wani ɗan maƙale, tiren ya zaro gaba ɗaya da gidansa. Ya ɗauko wani ɗan akwati mai kamarsa, ya kwantar da sabon rumbun a ciki, ɗan mitsitsi mara nauyi, ya ɗaure da kusoshi, ya tura ya rufe. Ya kunna. Hotonka na kan fuskarta yana nan, jakarka tana nan da zaginta. A gefe kuma ga sabon layi, fari tas, babu ko ƙwaya. Ya ce zai sayi tiren in ba na so. Na naɗe shi a hulata na taho da shi.

Ka san dariyar da ake yi wa wanda ya gina ƙaton rumbu tun bai ga damina ba. Duk hanya abin da nake yi wa kaina ke nan. Ga wuri na samu har ya yi yawa, wanda yake cika min wuri da shirme ba ya nan.

Juma'a na kai ta wajen Gwaggo. Muka kalli gayya. Ta yi tambayarta, na ba da amsata, ta karkata kai. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙa yatsa ta taɓa inda tiren yake, ta ji babu maɓalli, babu tsaga. Ta ce Sale, ka cire mata harshe.

Na fara zuba, Gwaggo ai ƙarin wuri aka yi, ai zamani ne, ai Injiniya ne ya ce. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta ce ita ta haifi mai dannawar, ta san ƙarfe ba ya gane komai. Ta ce da ma ba ƙarfen take kallo ba, kunyar kallon idona take ji. Yanzu tunda babu inda za ta kai idon, in dube ta in faɗa mata.

Nafi'u, ni da na sa Tanko gudu, ni da ban taɓa rasa magana ba, na nemi wasa ɗaya a kaina na rasa. Na ce Gwaggo, ban sani ba.

Ta gyaɗa kai. Ta ce ita ma haka, kuma gara mu zama mu biyu a rashin sanin da ta zauna ita kaɗai ina lallashinta. Ta gyara mayafi ta ce, ka ce an ƙara wuri? Na ce an ƙara. Ta ce to juyo min da idon nata, ka ɗauke ni, in ya zo ban nan ya tarar.

Abin da ya fara shiga sabon rumbun ke nan. Ban zuba fim ko ɗaya ba sai da ta gama. Ba zan faɗa maka abin da ta ce ba, na fita tsakar gida na ba ta wuri, kuma ba a gaban jama'a za ka ji shi ba. Na dai jiyo ta tana dariya a wani wajen, a wani wajen kuma shiru ya yi tsawo. Kowace Juma'a yanzu sai ta ƙara. Na buɗe mata jaka na sa mata suna da irin rubutuna: Kayan Nafi'u, Nafi'u Zo Ka Sa Hannunka.

Samari sun fara dawowa rumfa, in wannan ya dame ka. Tiren yana cikin akwatina ƙarƙashin allona. Injiniya ya ce ana iya mayar da shi a duk lokacin da aka so, ja ɗaya ne tura ɗaya. Ni ba zan mayar ba sai mai dannawa ya zo.

In kunya ce ta hana ka kira don ba ka samo ba, wallahi babu wanda ya aike ka zinare. Ka zo da wushiryarka kawai. In ba ka da halin zuwa, ka ari wayar wani ka turo murya, ko zagina ne ka yi, akwai wurin ajiyewa yanzu. In kuma wani abin ne daban, wanda bakina ba zai faɗa ba, to Allah ya sa wani mai imani ya karanta wannan ya sanar da mu.

Allah ya tsare ka a rami da wajen rami. Allah ya haɗa ka da masu tausayi, ya ba ka ruwa inda babu ruwa. Allah ya ja kwanan Gwaggo har ka ji saƙonta daga bakinta, ni kuma in share na cikin ƙarfen da hannuna ina dariya. Amin.

Naka, ubangidanka ko ka ƙi ko ka so,
Sale mai turi.